Gongola ko Sakkwato: Wane Kwari Ya Dace da Aikin Ɗalibin Ilimin Duwatsu?

Ɗalibin ilimin duwatsu da ke son aikin kammala digirinsa ya kasance a kan yadda ɓawon ƙasa ya motsa a can da, ya lotsa ya bar kwari, yashi da laka suka taru a ciki har suka zama dutse, yana da wurare biyu a Arewa da zai taka da ƙafarsa ya gani da idonsa. Na farko kwarin Gongola, reshen arewa na babban kwarin Binuwai, wanda ya mamaye mafi yawan jihar Gombe da gabashin Bauchi. Na biyu kwarin Sakkwato, wato gefen kudu maso gabas na kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar da Mali har arewacin Benin. A taswira sun yi kama: duwatsu ne shimfiɗaɗɗu na zamanin Kiretashiyos, wanda ya ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, da abin da ya biyo baya, zaune a kan tsohon dutsen tushe. Amma hanyar da kowanne ya bi ya samu daban ce, kuma wannan bambancin ne zai yanke maka kayan aikin da za ka ɗauka, da kuɗin da za ka kashe, da irin tambayar da za ka iya amsawa cikin 'yan watanni.

Ra'ayinmu a fili yake. Wanda abin da ke hannunsa kamfas ne da guduma da littafin rubutu, kuma tambayarsa a kan karaya da lanƙwasar duwatsu ce, ya tafi Gongola. Sakkwato ta wanda zai iya samo bayanan rijiyoyin burtsatse ce, ko bayanan awon maganaɗisu, ko wanda hankalinsa ke kan shigowar teku da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya fi lalacewa shi ne na ɗalibin da ya ɗauki take irin na Gongola ya kai shi Sakkwato.

Kwarin Barno bai shiga wannan gwaji ba saboda dalilai biyu. Shimfiɗar Chadi, wato yashi da lakar baya-bayan nan da ke sama, ta rufe kusan komai, don haka abin da aka sani game da cikinsa ya fito ne daga rijiyoyi 23 da kamfanin NNPC ya haƙa da kuma awon girgiza da ake aikawa cikin ƙasa don ganin shimfiɗunta, abubuwan da ɗalibi ba ya samu cikin sauƙi. Sannan tun harin da aka kai wa tawagar masu binciken mai, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, a yankin Magumeri cikin Yulin 2017, ba wurin da za a tura ɗalibi shi kaɗai ba ne.

Tushen da duka biyun suka zauna a kai

Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, tsohon dunƙulen ƙasa mai tauri na Afirka ta Yamma ya yi karo da ƙasashen da ke gabas da shi. Wannan karon, da ake kira Fan-Afirka, shi ya murɗe duwatsun da suka miƙa daga tsaunukan Hoggar da Ayar zuwa Nijeriya, ya gasa su, ya cusa musu giranit irin wanda ya yi duwatsun Kufena da Kwatarkwashi. Ya kuma bar dogayen karaya masu zurfi. A arewa maso yamma, inda ɗamarorin dutsen shist na Anka da Maru da Zuru da Birnin Gwari suke, karayar ta fi miƙewa kudu da arewa, da ɗan karkata zuwa gabas. A arewa maso gabas kuwa ta fi bin arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kuma irinta tana ci gaba a Kamaru, har ma a yankin Borborema na Brazil, domin a wancan lokacin ƙasa ɗaya ce.

Tukunyar da ta taɓa tsagewa, in za ta sake fashewa, tsohon tsagin take bi. Haka ɓawon ƙasa yake. Duk ƙarfin da ya zo daga baya, na ja ne ko na matsi, waɗannan tsofaffin karayar yake tadawa. Saboda haka kowanne kwari ka zaɓa, tambaya mafi daraja ɗaya ce: wace tsohuwar karaya ce ta motsa, yaushe, kuma ta wace fuska?

Gongola: inda ƙasa ta yage

Sa'ad da Afirka ta fara rabuwa da Amurka ta Kudu a farkon Kiretashiyos, shekaru miliyan 120 da ɗoriya, yagewar ta shigo cikin nahiya ta layin Binuwai, tsawon kusan kilomita 1,000 daga inda gaɓar teku take yau. A can sama ta rabu biyu: reshen Yola ya yi gabas, reshen Gongola ya yi arewa wajen Barno. Ba ta kai ga buɗe sabon teku kamar Atlantika ba, amma ta bar ramuka masu zurfi. A wasu sassan Gongola kaurin shimfiɗun ya kai kilomita 5 ko fiye.

Lissafin yadda hakan ke faruwa mai sauƙi ne, kuma ya kamata ya shiga babin farko na aikinka. Ɓawon nahiya yana da kaurin kusan kilomita 35 da nauyin giram 2.8 a kowane santimita kubik, yana yawo a kan mantil, wato dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon, mai nauyin 3.3. In aka ja shi ya ƙara faɗi da rabi, kaurinsa zai koma kusan kilomita 23, samansa kuwa dole ya lotsa. Laka ta zubo ta ƙara danna shi: ramin da zurfinsa kilomita 1 ne in ruwa ya cika shi, zai ɗauki laka kusan kilomita 2.5 kafin ya cika. Masani Dan McKenzie ya nuna a 1978 cewa lotsawar kashi biyu ce. Ta farko mai sauri ce, karaya ke jan ta. Ta biyu a hankali take, tana biyo bayan hucewar mantil ɗin da ya taso, tana ɗaukar gomman miliyoyin shekaru.

Abin da ya sa Gongola ta zama makaranta shi ne duka kashi biyun suna nan a bayyane. Ƙasan shimfiɗar Bima, wadda ta samo sunanta daga Dutsen Bima kusa da Dadin Kowa, tsakuwa ce da manyan ɓaraguzan giranit da suka gangaro daga bakin karaya, gauraye da jan yumɓu da lakar tafki, kuma kaurinta yana canjawa ƙwarai cikin tazara kaɗan. Wannan shi ne zamanin yagewa. Saman Bima kuwa dutsen yashi ne na manyan koguna, shimfiɗe bai ɗaya a faɗin yankin: karaya ta lafa, lotsawar hucewa ta karɓa. Sai Yolde, inda kogi ya fara haɗuwa da teku. Sai Pindiga, lakar teku da dutsen farar ƙasa na kusan shekaru miliyan 94, wanda ake fasawa a Ashaka don siminti, cike da burbushin dodon koɗin teku irin su Vascoceras. Sai dutsen yashin Gombe mai kwal ɗin Maiganga. A ƙarshe Kerri-Kerri ta zo ta kwanta a kansu.

Kwanciyar Kerri-Kerri ita ce agogonka. Duwatsun da ke ƙarƙashinta a lanƙwashe suke, ita kuwa kusan a miƙe. Ke nan matsin da ya lanƙwasa su ya zo ne bayan dutsen yashin Gombe, kafin Kerri-Kerri, wajen ƙarshen Kiretashiyos, kimanin shekaru miliyan 66. A kudancin Binuwai, wajen Abakaliki, babban matsin ya riga wannan, a kusan shekaru miliyan 84. Ɗalibai da yawa suna kwafo wancan lokacin na kudu su liƙa wa Gongola ba tare da sun duba shaidar da ke gabansu ba, kuma mai jarrabawa da ya san wurin zai kama wannan nan take.

Akwai muhawara ta gaske da ƙaramin aiki zai iya sa baki a ciki. Masani Kevin Burke da abokan aikinsa sun ɗauki Binuwai a matsayin reshe na uku na yagewar da ta buɗe Tekun Atlantika, reshen da ya tsaya a hanya. Jean Benkhelil, a shekarun 1980, ya nuna cewa gogayya ta gefe ce ta fi aiki: ɓangarorin biyu sun goga juna ta hagu a kan tsofaffin karaya, ƙananan ramuka suka buɗe a tsakaninsu. Shaidar tana kan fuskar karayar kanta. Nemi santsin da gogayya ta bari, da zanen da ke kansa. Auna miƙewar fuskar da karkatarta, sannan ka auna kusurwar da zanen ya yi da layin kwance a kan fuskar. In kusurwar ba ta wuce digiri 20 ba, motsin na gefe ne. In ta haura 70, na sama da ƙasa ne. Fuska ɗaya tana iya ɗauke da zane iri biyu, wanda ya hau kan ɗan'uwansa shi ne na baya. Wuraren da tushe ya ɓullo a tsakiyar shimfiɗu, kamar tsaunin Gombe da yankin Kaltungo, su ne suka fi ba da irin wannan.

Tsarin aikin fili kuwa ga shi. Ɗauki fili mai kilomita 5 zuwa 8 a kowane gefe, kada ka wuce haka. Faɗaɗa taswirar 1:50,000 ta koma 1:25,000. Tunda duwatsun sun miƙe arewa maso gabas, ka tsara tafiyarka ta yanke su, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, kana bin busassun rafuka, domin nan ne ruwa ya wanke dutse. Tsaya duk mita 200 zuwa 300, ko duk inda dutse ya canja. A kowace tasha da za ka yi nazarin tsage-tsage, kada awonka ya gaza 30, in ba haka ba zanen da za ka fitar ba ya nuna komai sai sa'a. Kauri na gaskiya kuma ba shi ne faɗin da ka taka ba: a fili mai daidai marar gangara, shimfiɗar da ta karkata digiri 30 ta kuma bayyana a faɗin mita 200, kaurinta mita 100 ne.

Kuskuren da ya fi yawa a Bima shi ne auna shimfiɗar giciye a matsayin shimfiɗar asali. Koguna sun tara yashin ne a karkace, digiri 20 zuwa 30, tun ranar farko, ba motsin ƙasa ne ya karkata shi ba. Ɗalibi ya ɗora kamfas a kai, ya dawo da taswira cike da lanƙwasar da babu ita. Maganin shi ne ka ja da baya mita ashirin, ka nemo siririn layin yumɓu ko iyakar da ta raba rukunin giciye biyu, ka auna nan. In kuma kana son sanin fuskar da tsohon kogin ya bi, kuma shimfiɗar asali ta karkata fiye da digiri 10, sai ka mayar da ita kwance a kan zanen sitiriyo, wato da'irar da ake ɗora awon kusurwoyi a kai, kafin ka karanta. Haka nan akwai naɗe-naɗen da suka faru tun yashin yana jiƙe, a cikin shimfiɗa ɗaya tak, sama da ƙasanta lafiya lau. Waɗannan ba lanƙwasar matsi ba ce, ko da yake wasu masana suna ɗaukarsu shaidar girgizar ƙasa ta wancan zamani. Sai siraran fararen jijiyoyi masu tauri da ke tsaye a jikin dutsen yashi, kaurin milimita kaɗan. Sau da yawa ba ma'adinin kwaz ne da ya cika tsagi ba, ƙwayoyin yashin ne suka niƙe saboda gogayya, kuma suna da muhimmanci domin suna tare ruwa da mai. Kusa da baƙin dutsen aman wuta na Biu da Longuda kuma, allurar kamfas tana yin ƙarya. Ɗaga shi daga jikin dutsen, ka gwada da wani abu mai nisa da ka san fuskarsa.

Sakkwato: inda ƙasa ta lotsa a hankali

Nan babu bakin karaya da ya yi wa kwarin iyaka. Tsakiyar nahiya ce ta riƙa lotsawa sannu a hankali cikin dogon zamani, wurin da ya fi zurfi yana matsawa daga arewa, wajen Tim Mersoi a gindin Ayar, zuwa kudu maso yamma wajen Dosso. Ɓangaren Nijeriya gefe ne kawai. Shimfiɗun suna gangarawa arewa maso yamma da ƙasa da digiri 1, suna ƙara kauri har su kai kimanin mita 1,000 ko ɗan fiye a kan iyakar Nijar. In ka kwatanta, Gongola ta tara kilomita 5 cikin shekaru miliyan 55 ko makamancin haka, kusan mita 90 a kowace miliyan; Sakkwato ba ta fi mita 10 zuwa 15 ba.

Mai tafiya daga Gusau zuwa Sakkwato yana hawa jerin ne daga ƙasa zuwa sama. Bayan ya bar dutsen tushe sai Gundumi, tsakuwa da yumɓu na koguna masu ɗauke da itatuwan da suka zama dutse. Takwararta a kudu ita ce Illo. Sai rukunin Rima na ƙarshen Kiretashiyos: Taloka, Dukamaje, Wurno. Sai rukunin Sakkwato na bayan ƙarewar Kiretashiyos: lakar Dange mai jifsam da dunƙulen fosfet, dutsen farar ƙasa na Kalambaina da masana'antar siminti ke ci, wanda irinsa ake fasawa a Malbaza ta Nijar, da lakar Gamba. Gwandu ce a sama, yashi da yumɓu da hular marmara. Masani Cornelius Kogbe ya yi aiki mai yawa a kan wannan jerin, kuma har yau a kansa ake gini.

Dukiyar Sakkwato tana cikin tarihin teku. Sau biyu a wannan jerin ruwan teku ya shigo daga arewa ta Sahara ya ja da baya, kuma Dukamaje da Kalambaina su ne shaidar. A Dukamaje akwai shimfiɗar ƙasusuwa: haƙoran kifaye, kunkuru, kada, da ƙaton dabbar tekun nan Goronyosaurus da aka raɗa wa sunan Goronyo. Dukamaje tana siranta ta ɓace idan an nufi kudu, sai Wurno ta zauna kai tsaye a kan Taloka, su biyun kuwa sun yi kama ƙwarai, don haka ɗalibin da filinsa ke kudu kada ya tilasta wa taswirarsa iyakar da ba zai iya nunawa ba.

Matsalar mai neman motsin ƙasa a nan ita ce kamfas ba ya ganin abin da yake nema. Kuskuren kamfas na hannu digiri 1 zuwa 2 ne, karkatar da ake son aunawa kuwa ba ta kai digiri 1 ba. Abin da ya fi muni, za ka tarar da wuraren da dutse ya karkata digiri 10 ko 15, musamman a gangaren Dange, ka yi murna. Mafi yawansu zamewa ce: lakar Dange tana kumbura da damina ta tsuke da rani, farar ƙasar Kalambaina tana narkewa ta bar kogo, abin da ke sama ya rufta. In karkatar tana bin gangaren tudun duk inda ya juya, ba motsin ɓawon ƙasa ba ne.

Hanyar da ke aiki ita ce ta maki uku. Zaɓi iyaka ɗaya da ba a ɓata ta, mafi kyau ita ce inda farar ƙasar Kalambaina ta zauna a kan lakar Dange, domin ko mai haƙa rijiya yana jin canjin a hannunsa. Samo tsayinta daga matakin teku a wurare uku da ba sa kan layi ɗaya, ka fitar da fuskar gangara da girmanta. Digiri 1 daidai yake da saukar mita 17.5 a kilomita. Rabin digiri bai kai mita 9 ba. Na'urar GPS ta hannu kuwa tana iya kuskuren mita 10 zuwa 15 a tsayi. Saboda haka makin da ke tsakanin kilomita 1 da juna ba su da amfani, kuskuren ya fi abin da ake aunawa. Ka ba su tazarar kilomita 5 zuwa 10, ka ɗauki tsayin bakin kowace rijiya daga tushe guda, kada ka gauraya na GPS da na taswira. Ka kuma tuna tsofaffin taswirorin Nijeriya a kan ma'aunin Minna suke, wayarka kuwa a kan WGS84; bambancin gomman mitoci ne a ƙasa. Bayanan rijiyoyi ana nemansu a hukumomin ruwa na jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ka karanta su da hattara: ana ɗiban samfur ne a ƙarshen kowane bututu, kuma ɓaraguzan suna ɗaukar lokaci kafin su hauro, don haka iyakar da aka rubuta takan fi ta gaskiya zurfi da mita kaɗan. Inda iyakar ta yi tsalle da mita 20 ko 30 tsakanin rijiyoyi biyu makusanta, kuma rijiya ta uku ta tabbatar, to ka taɓo karayar da ke ɓoye.

Awon maganaɗisu ya fi yi wa Sakkwato rana

Hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, NGSA, tana sayar da bayanan awon da aka yi da jirgin sama a shekarun 2000, layuka a tazarar mita 500, a tsayin mita 80 daga ƙasa, kowace takarda tana rufe kusan kilomita 55 a kowane gefe. Yashi da laka ba su da maganaɗisu sosai, saboda haka abin da na'urar ke gani dutsen tushe ne. A Sakkwato tushen yana kusa, hoton yana fita tar, kuma za ka iya bin karayar Anka da ɗamarorin shist na Zamfara da Kebbi yadda suka nutse ƙarƙashin Gundumi suka ci gaba. In ka haɗa wannan da tsallen da ka gani a rijiyoyi, ka sami aikin da ya amsa tambayar asali. A arewacin wannan kwarin ma haka abin yake: yuraniyom ɗin Arlit yana jere ne a gefen wata tsohuwar karaya mai miƙewa kudu da arewa.

A Gongola awon ya fi wahalar fassara. Dutsen aman wuta da ke sama ko a tsakiyar shimfiɗu yana da maganaɗisu mai ƙarfi, yana rufe muryar tushen, sai lissafi ya ba ka zurfin kilomita 1 a inda ya kai 4. Kurakurai biyu kuma sun shafi wuraren duka. Nijeriya tana kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, don haka gyaran da ake yi na mayar da bayanai kamar an auna su a ƙuryar arewa ta duniya yana haifar da zane-zanen ƙarya masu miƙewa kudu da arewa. A yi amfani da gyaran tsakiyar duniya ko hanyar lissafin da ake kira siginar nazari. Na biyu, faɗin filin da ka yanka don lissafin zurfi ya ninka zurfin da kake nema sau 6 zuwa 10. Wanda ya yayyanka takarda gida 16 ya ce yana neman tushe a kilomita 5, lissafinsa ba zai taɓa kai wa can ba.

Batun man fetur

Yawancin ɗalibai suna son kalmar mai ta fito a takensu. A Gongola tana da gindi. Kamfanin Shell ya haƙa rijiyar Kolmani ta farko a 1999 ya sami iskar gas, NNPC ta haƙa ta biyu a 2019 ta sanar da samun mai, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, kuma ya ƙaddamar da aikin a kan iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022. Zurfin ya isa dafa laka, akwai dutsen yashi mai riƙe mai, akwai lanƙwasar da za ta tare shi.

A Sakkwato hujjar da ake yawan kawowa ita ce Nijar tana da mai. Man Agadem, wanda matatar Zinder ke tacewa tun 2011, yana cikin kwarin Termit ne a gabas, kuma Termit yagewa ce 'yar'uwar Binuwai da Barno da Doba ta Chadi. Ba ta da alaƙa da Iullemmeden. In zafi yana ƙaruwa digiri 30 a kowace kilomita, a kan zafin sama na kusan 28, ƙasan kilomita 1 bai wuce digiri 60 ba, wato bakin ƙofar da laka ke fara ba da mai. Za ka iya auna yawan sinadarin halittu a Dukamaje ko Dange ka sami abin kirki, amma ka rubuta gaskiya cewa bai dahu ya kai ga ba da mai ba. Ko a ina ne, kada ka ɗebi samfur daga fuskar da rana da ruwa suka ci. Tona aƙalla rabin mita har launin ya yi duhu, ɗauki giram 100, naɗe shi a takardar alminiyom, kada man shafawa ko tawada su taɓa shi.

Wanda kuwa yake hangen aikin haƙar ruwa bayan digiri, Sakkwato ta fi koya masa. Yashin Gwandu da ke matse tsakanin yumɓu yana ba da ruwa mai tasowa da kansa a kwarin kogi wajen Argungu da Birnin Kebbi, kuma wannan gangarar da ba ta kai digiri 1 ba ita ce sanadi. Darasin Gongola a wannan fannin kishiya ne: a kan tudun Kerri-Kerri, wajen Dukku, ruwan yana can ƙasa ƙwarai.

Lokaci, kuɗi da shiga gari

Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin fili a duka biyun: rafuka sun bushe, ciyawa ta kwanta, zafin bazara bai sauko ba. Aikin Gongola ya fi cin kwanaki a daji, mako biyu zuwa uku, amma kuɗin ɗakin gwaji kaɗan ne. Yankan dutse 8 zuwa 12 don madubin ƙara girma sun isa. Duwatsun Taloka da Gwandu suna marmashewa, ba sa yankuwa zuwa milimita 0.03 sai an shayar da su danƙo, don haka tankaɗe ya fi sauƙi: giram 100 na busasshen yashi, minti 15 a kan jerin rariya. Kuɗin Sakkwato yana tafiya ne a sayen bayanai da zirga-zirgar ofisoshi. Ruwan asid mai kashi 10 cikin 100 da madubin hannu mai ninki 10 dole ne a ko'ina.

Ramukan Ashaka da Kalambaina su ne fuskokin dutse mafi kyau a kowane ɓangare, kuma ba a shigarsu sai da takardar sashe, hular kwano da takalmi mai tauri, a lokacin da ba a fasa dutse. A ƙauye, fara da gaida hakimi ko dagaci, ka nuna takardarka, ka nemi ɗan gari ya raka ka. Baƙo mai guduma da jaka, a yankin da ake haƙar zinariya, ana yi masa wata fassara. Wuraren da Dukamaje ta fi bayyana, wajen Goronyo da Rabah da gabas da su, da kuma inda Gundumi ta haɗu da tushe a Zamfara, suna cikin yankin da 'yan bindiga suka addaba, kuma babu samfurin da ya kai ran ɗalibi. Kewayen Gombe, Kaltungo da Dadin Kowa ya fi sauƙin shiga, duk da haka a tambayi mutanen wurin kafin kowace fita, musamman dazuzzukan Alkaleri.

Kafin ka miƙa take ga malamin da zai duba aikinka, yi gwaji guda. In Gongola ce, je ka yini ɗaya a filin ka ƙirga wuraren da za ka iya ɗora kamfas a kan shimfiɗar asali. In ba su kai 15 ba, matsa filin kusa da tsauni ko rafi. In Sakkwato ce, kada ka sa hannu sai bayanan rijiyoyi aƙalla 10 suna hannunka, kowace da wurinta a taswira, kuma iyakar Kalambaina da Dange ta fito a cikinsu. In abin da ka samu bai kai haka ba, mayar da taken ya koma kan jerin shimfiɗu da burbushin halittu a ramin Kalambaina da gangaren Dange, ka bar batun karaya sai digiri na biyu.